Gidan Dattijon Coci, Babu Ɗakin Mama

Mai gabatarwa, ina gaisuwa, sannu da aiki.

Sunana Saratu, daga unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Maigidana dattijo ne a cocinmu, mutum mai gaskiya da son baƙi. Da yake muna kusa da asibitin koyarwa, duk wanda ya kawo mara lafiya daga garinmu a Kudancin Kaduna, gidanmu ake kwatanta masa. Ni ke dama kunu, ni ke wanki, yarana a falo suke kwana.

Kwanan baya mahaifiyata ta zo aikin ido, ta tarar kowane ɗaki da baƙo. Na ce wa maigidana, "Baban Yohanna, a sallami ko mutum ɗaya mana." Ya ce, "Wa zan kora? Ke zaɓa." Na kasa. Maƙwabciyata Hajiya ce ta ba Mama ɗaki.

Ranar Lahadi Fasto ya tsayar da maigidana gaban jama'a, ya ce ga bawan Allah mai aminci. Da ni aka tafa.

In na yi magana, na ɓata masa suna. In na yi shiru, abin yana cina. Masu sauraro, ku ba ni shawara: amincin nan, mu na cikin gida ba mu da rabo a ciki ne?