Wa Ya Ga Tashin Gobarar Layin Teloli?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai, iyayenmu, ɗaliban ƙungiyar tarihi, da waɗanda inuwar rumfa kaɗai ta kawo su. Ni ne Farfesan da kuke jira tun hantsi. Na gode da gayyata, na gode da kujera mai hannu. Sauri nake yi, mai gadi a tura mana ƙofar nan tukuna.

Ɗalibai, na ga littafin da za ku kai maɗaba'a gobe kan gobarar layin teloli. Kun rubuta cewa daga dutsen gugar marigayi mai wanki wutar ta tashi.

Da farko, wa ya gaya muku? Mai shayi, shi kaɗai, mutumin da rishonsa ke jingine da bangon shagon mai wankin. Ban ce ya yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi, mai risho yana da dalilin tuna gawayin maƙwabci.

Na biyu, ina yake tsaye? Bara ya ce yana masallaci, bana ya ce da idonsa ya gani. Na ce masa, "Baba, a shagon guga aka tayar da sallar?" Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, mara kunya." Haka ake yi wa Farfesa yanzu.

Sannan wa kuka tsallake? Telolin suna nan, matar marigayin tana nan da ranta. Mamaci ba ya musu. In kuka buga, jikokinsa a aji za su haddace shi, a jarraba su a kai, su ci maki da laifin kakansu. Ku tambaya kafin ku buga, ku sake tambaya.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na ji ƙarar mota, Farfesan gaske ya iso. Shugaba, daina ƙura wa rigar nan ido, taka ce, gobe za a kawo ta a goge. Ni autan marigayin ne, allo kaɗai na yi. Jawabin nan Inna ta faɗa, na rubuta da ajami, na ƙara gishiri. Mu ma muna da ɓangare, mu ma ku bincike mu. Kun yi ta gyaɗa kai, ba wanda ya ce min wane ne kai.

Na gode.