Mabuɗin da Mama Lorraine Ta Roƙa

Mai girma Magajin Gari, Fada Leblanc mai masaukinmu a wannan majami'a, Mista Penner shugaban kwamitin kasuwa, iyayen gidanmu masu gonaki, Gilles da Odile 'ya'yan marigayiya, da sauran jama'a, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Eusebio. Daga Meziko nake zuwa nan lardin Ontariyo duk shekara idan ƙanƙara ta narke, in yi ta tsinkar tumatir har sanyi ya kore mu. Da baƙin gashi na fara zuwa, ga kaina nan kuna gani. 'Yan'uwana ma'aikatan gona, na Meziko da na Jamaika, su suka ce in yi magana a madadinsu. Ku yi haƙuri da ni, a gajiye nake, ba ni da ƙarfin yi wa magana ado.

A kasuwar Asabar na fara haɗuwa da Mama Lorraine, ina riƙe da leda cike da gwangwanayen abinci. Ta leƙa ledar, ta dube ni.

"Kai, mai hula! Ba kai ke tsinkar tumatir a gonar bakin tafki ba? Me ya haɗa ka da na gwangwani?"

Na ce mata murhu ɗaya ne a ɗakinmu, ga mu da yawa, kuma in mun tashi aiki babu mai ƙarfin yanka albasa.

Ta ce, "Asabar mai zuwa ka zo da kwano. Ka tattaro mini sauran mayunwatan."

Haka tukunyar Asabar ta samo asali, a bayan rumfar masu furanni.

Ta kasance mace wadda ba ta yanke abin da za ta dafa tun daga gida. In ka ce, "Mama, yau me za mu ci?" sai ta ce, "Ina na sani? Bari in tambayi kasuwa." Abin da ya nuna a makon, shi ke shiga tukunya. Farkon zuwanmu ganye ne da sabon dankali. In rana ta yi zafi, ɗanyar masara da koren wake da tumatir. In ganyen bishiya ya fara ja, kabewa da kabeji, mu kuma mu san tafiya ta kusa. Gishiri, tafarnuwa, ɗan man shanu, shi ke nan.

Ta kasance mai zafin baki. Ta taɓa kama Winston, wancan dogon na Jamaika, yana zazzaga barkono tun kafin ya ɗanɗana. Ta ce, "Ɗan nema, ka gaisa da miyar tukuna kafin ka zage ta!"

Ta kasance ita kaɗai a garin nan da ta tambaye mu me ake girbewa a garuruwanmu a lokacin da muke girbe na wasu.

Yanzu zan faɗi abin da aka aiko ni in faɗa. Bara waccan kwamitin kasuwa ya hana tukunyar. Aka ce abincin da aka dafa a gida ba za a raba shi a kasuwa ba, sai wanda ya fito daga kicin ɗin da duba-gari suka amince da shi. Ba na zagin dokar. An yi ta ne don kada cikin wani ya lalace, mu ma muna da 'ya'ya. Kuma Mista Penner, kai ka ɗauke ta a motarka zuwa asibiti ranar da ta faɗi, ba mu manta ba.

Amma kasuwar nan tana da irin wannan kicin ɗin! Yana nan a kulle, an jibge kujeru a ciki. Ta roƙi mabuɗi, aka ce za a duba. Ta sake roƙa, aka ce sai an yi zama. Masara ta zo ta wuce, kabewa ta zo ta wuce, ana ta dubawa. Kujeru suka samu ɗaki, tukunyar da ta ciyar da masu tsinkar abincin garin nan ta rasa.

Na je duba ta a asibiti makon jiya. Ta ce, "Tsoho, masara ta fito?"

Na ce, "Ta fito, Mama."

"To wa ke dafa muku?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kun koma gwangwani ke nan, 'yan banza." Ta juyar da fuska bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau na ji an sanar za a kafa allon tagulla da sunanta a ƙofar kasuwa. Mun gode. Sai dai ba allo ta roƙa ba. Kuma ku waiwaya ku dubi teburin da ke bayan zauren nan: burodi a naɗe cikin leda, da yankan tumatir fari fat wanda babbar mota ta kawo daga wata duniya, a tsakiyar watan Agusta, a taron Lorraine! Da tana nan, da duk mun sha zagi, har da Fada.

Gilles, Odile, mun san za ku sayar da gidan, rayuwarku tana birni, ba mu ga laifinku ba. Kun ara mana tukunyar yau, muna roƙo ku bar mana ita. Matan rumfar furanni sun ce za su karɓi girkin, mu kuma mu yi yanka da wanke-wanke. Ƙofar kicin ɗin kaɗai ta rage a buɗe mana.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Ubangiji ya jiƙan Mama Lorraine, ya ba ta hutun da ba ta taɓa ba kanta ba, ya ba 'ya'yanta haƙuri, ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya. Amin.

Tukunyar tana waje, a harabar majami'a, inda dokar kasuwa ba ta kai ba. Masarar safiyar yau ce a ciki. Kowa ya fito. Mista Penner, kai ma akwai kwanonka, ko ka ba da mabuɗin ko ka hana, don ita ba ta taɓa hana kowa ba. Amma Asabar da safe za ka same mu a ƙofar kicin ɗin, da tukunyar a hannu.