Ƙahon da ya kusa kai ni kabari

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ni ce Hannatu ta Koona, wadda wasu suka fara yi wa kukan mutuwa tana numfashi. To, ga ni tsaye!

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina kuma ta ƙi, aka yi mani aikin zuciya a Yamai. Ƙofar babbar jijiyar da ke fidda jini daga zuciyata ce ta tsuke, ko tulu na ɗauka sai haki. Aka cire ta, aka sa ta ƙarfe. Ranar sallama lokotoro, wato likita, ya ba ni ƙwayar tsinka jini, ya ce in sha kullum iyakar raina. Ya kama kunnenshi ya ce, "Madam, ko reza kada ta taɓa ki. Jininki ba ya saurin tsayawa yanzu."

Na ji sarai. Ku riƙe wannan, don ni ma da laifina.

Na dawo na iske rumbu wayam. Maigidana ya tafi cin rani, ya bar ni hannun yayanshi, Bawa. Wanda bai san Bawa ba ya huta. Mutumin da bai taɓa wuce Tasawa ba, amma ya fi lokotoro sanin zuciya!

Ganyen tafasa muke ci safe da marece, ciwon kai ya sako ni gaba. Yunwa ce, kowa ya sani. Sai ga Bawa yana gyara hula: "Mataccen jini ne ya taru mata a ƙeya. Sun yanka sun ɗinke, ba su fidda dauɗar ba. A kira wanzami ya yi mata ƙaho."

Kun san bakina, ko a bakin rijiya ba mai kada ni a magana. Amma gaban yayan miji? Kunya ta ɗaure ni, na duƙa na ce, "To, Yaya." Tir da wannan kunya!

Maƙwabcinmu Idi wanzami ya zo, Musulmi ne mai hankali. Ya ce, "Bawa, ba ita aka yi wa aiki ba?"

"Kai dai yi abin da aka kira ka."

Ya tsaga, ya kafa ƙaho huɗu. Da ya cire, jini ya ce bai san tsayawa ba. Zane ɗaya ya jiƙe, na biyu ya jiƙe. Gwanin namu yana tsaye yana murna: "Kun gani? Dauɗa ce ke fita. Ku barbaɗa toka." Toka, jama'a!

Idi ne ya daka mashi tsawa, ya nemo mai moto, wato babur, aka sa ni tsakiya yana danne da ƙeyata. Bawa ya biyo baya. Kan hanya idona ya fara rufewa. Na ce, "Yesu, ka fidda ni daga wuƙar likita lafiya, ni kuma na miƙa wuyana don tsoron mutum. Na ji tsoron Bawa fiye da kai. Ka gafarta mani, kada ka bar ni in mutu mutuwar wauta." Ban ƙara jin tsoro ba har muka isa.

A gidan likita na Tasawa majo, babban ma'aikacin jinya, ya yi mani allura, ya ce sai an ƙara jini, dangi su matso. Bawa ya dubi allurar ɗibar jini, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Bari in zaga." Har yau bai gama zagawar ba! Sarkin fidda jinin mutane, ɗigo ɗaya nashi ya gagara.

Idi ya naɗe hannun riga ya ce, "Ni na zubar, ni zan maido." Aka gwada, ya dace da nawa. Haleluya! Wa zai shirya wannan in ba Allah ba?

Yau ina shan ƙwayata, ina zuwa awon jini, ina noma ɗan abin da na iya. Fasto ya ce in yafe wa Bawa. Ina ƙoƙari, ku taya ni da addu'a, don abin bai sauka ba tukuna.

Na gode wa Yesu da ya ji kukan wawiya kan moto. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ba ya barin nashi. Ku kuma mata, ranar da aka zo da aska kan ranku, ku buɗe baki ku ce a'a, ko wane ne ke tsaye gabanku. Amin.