Ƙashin Wace Dabba Ke Cikin Alawar?

Salamu alaikum mai gabatarwa, da masu saurare. Daga Madawa nake rubuto muku.

"Madam, ba ki ga rubutun Larabci a jikin ledar ba? Halal ce!" Haka wani mai butik ya ce mini, da na je sayen alawar nan mai danƙo don yaran da za su taru sunan ɗan ƙanwata a Tama.

Na ce, "Alhaji, na ga Larabcin. Amma a ƙasa an rubuta jelatin, kuma daga ƙashin dabba ake samo shi. Wace dabba? Wa ya yanka ta?"

Ya yi dariya. "Ku 'yan jami'a! Alawa ma sai kun binciki danginta?"

Na ce, "Kai ma ba ka cin tsire sai ka san mahaucin."

Malamai, ku fayyace mana: ƙashin mushe ko na alade, in an narka shi ya sake kama, ya halatta? Kafin ku amsa, dabino yaranmu za su ci.

Ranar dai na ajiye masa ledarsa, na ja masa ƙofa, na yi tafiyata.