Allon Kwana Ɗari Uku

Shugabar ƙungiyarmu, Uwargida Lorraine Pruitt, Fasto Ochoa, lauyanmu Mista Haskins, 'yan'uwana ma'aikatan injin katako na wannan gari namu na jihar Oregon, maza da mata, barkanmu da yamma.

Na gode da kuka ba ni aikin taya Wendell murnar nasarar da ya yi a ɗaukaka ƙara. Sai dai kun yi zaɓen banza, domin ni Merle ƙyashinsa nake ji, kuma a gaban Fasto na faɗa.

Na farko, ku tuna allon bakin ƙofa, mai ƙirga kwanakin da aka yi ba wanda ya ji rauni. An yi mana alkawarin in ya kai ɗari uku, kowa zai samu rigar sanyi da gasasshen nama. Saura kwana tara, bel ɗin injin nan da aka cire wa murfi ya fizgi hannuna. Da Wendell ya ga ina shirin ɓoye ciwon, ya ce, "Kai Merle, ka haukace ne? Je ofis ka sa a rubuta!" Na ce, "Rufe mini baki, so kake ka hana mutane nama?" Na naɗe hannun da tsumma, na ƙarasa aikina, ku kuwa kuka tafa mini.

Na biyu, bayan kwana huɗu bel ɗin ya kama Wendell. Shi bai yi jarumta ba, ofis ya nufa, ya sa aka rubuta, allo ya koma sifili. Wata biyu ba mai zama teburinsa lokacin cin abinci, kuma ni na laƙaba masa suna Sifili. Yanzu ga shi kotu ta ce laifin kamfani ne. An biya shi diyya, an yi masa aiki a hannu, ga shi can yana ɗauke da jikarsa. Ni kuwa kamfani ya ce tunda babu takarda, a gida na ji ciwo wajen faskare. Shekara biyu ke nan ko kofin shayi ba na iya riƙewa da hannun dama. Bel ɗaya, mako ɗaya, hannu iri ɗaya! In na ga sabuwar motarsa a bakin coci, sai in ji kamar in sace iskar tayoyin.

Na uku, ranar Talata za a saurari ƙarata, kuma ita ce ta ƙarshe. Ba ni da takarda, idanunku kawai nake da su. Ku shida kuka ga jinina a ƙasa, ku shida kuka tafa. Ina roƙonku, ku zo ku faɗi abin da kuka gani. Zuwa yau mutum ɗaya ne ya sa hannu zai tsaya mini shaida, shi ne Sifili. Har wannan halin nasa ƙyashinsa nake ji.

Allah ya ƙara maka lafiya, Wendell. Allah ya mayar da kowa gida da yatsunsa goma, ya kuma nuna mini fuskokinku ranar Talata.

Na gode.