Bular Wanki a Tafkin Tarwaɗa

A tashar Gwaram, motar Birnin Kudu ba ta cika ba. Barau ya daɗe yana kallon hannun dattijon da ke zaune gefensa a cikin motar.

"Baba, rini kake yi? Na ga yatsunka shuɗi."

"Faci nake, ɗana. Tafkin kifi na tamfol."

"Ikon Allah! Nawa tafkin ma kwana uku yana yoyo, ga tarwaɗa ɗari huɗu a ciki. Na duba har idona ya gaji, ban ga hujin ba. Sabon tamfol zan sayo, in kwashe kifin."

"A zafin nan? Rabi za su mutu. Bular wanki za ka samu. In ruwa ya kwanta, ka ɗiga kaɗan kusa da bango. Za ka ga shuɗin ya miƙe kamar zare, ya nufi hujin da kansa."

"Da kansa?"

"Ai ruwa ya san ƙofarsa. Sai ka shafa gam ɗin da ruwa ba ya ci a ƙyallen tamfol, ka nutsa hannu, ka danne."

"Kifin na ciki?"

"Suna shafar ƙafarka ma."

Barau ya riƙe haɓa. "Subhanallahi. Wallahi haka matata Bara'atu ta ce. Na ce ta tsaya a wankinta."

Dattijon ya yi dariya, ya miƙo masa ragowar gam. "To, yanzu ina za ka?"

Barau ya ɗauki jakarsa, ya sauko. "Gida, Baba. In ta yarda ta sammini bular."