Fuskokin da Suka Fito Daga Ƙarƙashin Farar Ƙasa

Mai girma Shugabar taro, Uwargida Otilia Barsan, mai girma Magajin Gari, limamin cocinmu, tsofaffin mahaƙa kwal da na hango can baya, matasan masu zane, jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ni ce Domnica, 'yar marigayi Ilarie Boldor mai zane, wadda wasunku suka shekara uku suna ce wa tsufa ya taɓa ta. Na yafe, kuma na gode da kuka cika zauren nan maƙil.

Da farko, bangon nan. Shekara hamsin ke nan da hukuma ta sa mahaifina ya zana mahaƙa suna murmushi, a shekarar da rami ya rufta da mutum goma sha tara. Shi kuwa yana cikin masu zana abin da zuciya ta ji, ba abin da ido ya gani ba. Ya zana fuskokin mamatan kore da shuɗi, bakuna a wangame, hannuwa sun fi kawuna girma. Sakataren jam'iyya ya duba ya ce, "Ilarie, barasa ka sha? Ina ka taɓa ganin koren mutum?" Baba ya ce, "Ranar da muka fito da su, Kwamared. Kai kana ofis." Aka ba shi kwana biyu ya shafe da farar ƙasa, da hannunsa.

Na biyu, ya shafe ɗin. Amma kafin nan ya narka kakin zuma ya mulke zanen kaf, yadda iyayenmu mata ke yi wa ƙwan ado na bikin Ista. Farar ƙasa ta hau kaki, ba ta taɓa fenti ba. Ni kaɗai ya gaya wa, yana kan gadon ajali.

Na uku, da majalisa ta ce a rushe zauren, na yi rantsuwa cewa zanen na nan ƙarƙashin farar ƙasa, na yi kuka, babu wanda ya yarda. Ranar da katafila ta iso, na zo da bokitin ruwan ɗumi da soso, na hau tsani. Magajin Gari ya ce, "Baaba, don Allah sauko daga tsanin nan, za ki karye!" Na ce, "Riƙe mini shi, ɗana, ba surutu na zo ji ba." Ya riƙe. Na goga, na goga, sai ga ido, sai ga haɓa mai tsagu. Tsohuwa Safta, wadda ko hoto ɗaya na mijinta ba ta da shi, ta ture mutane ta dafa bangon ta ce, "Toader, ashe kana nan!" Direban katafila ya kashe injinsa.

Yau ga su, goma sha tara cif, babu wanda ya ɓace. Mun yi nasara, jama'a, wallahi mun yi nasara! Ku matasa da ke watsa fenti ba fuska ba hanci, ban gane zanenku ba, amma kada wanda ya sa ku shafe shi.

Allah ya jiƙan mahaƙanmu, ya jiƙan mahaifina, ya raya garinmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.